Kogin Atbara da Zaman Hausawa a Ƙasar Gadarif

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya nazarci yaɗuwar harshen Hausa a wajen ƙasar Hausa ya san cewa Sudan tana cikin ƙasashen da Hausawa suka fi yawa a cikinsu, kuma Gadarif, da ke gabashin ƙasar, tana cikin manyan mazaunansu. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne dalilin da ya sa suka zauna a daidai inda suka zauna. Idan aka ɗauko taswira aka bi ƙauyukan Hausawa na wannan yanki, za a tarar mafi yawansu sun jeru ne a bakin koguna: Atbara da Setit ta gabas, Rahad ta yamma, sai kuma Shuɗin Nilu can gaba. Ke nan wanda yake son fahimtar tarihin waɗannan mutane dole ne ya fara sanin halin kogunan.

Shi garin Gadarif kansa ba ya bakin kogi. Yana nesa da Khartum da tafiyar kimanin kilomita 410 a kan hanyar mota, a tsakiyar wani fili na baƙar laka wanda ido ba ya ganin iyakarsa. Kogin da ya fi kusa da shi, wanda kuma yake shayar da shi, shi ne Atbara, da ke ratsa garin Shuwak kimanin kilomita 70 arewa maso gabas. Wannan takarda za ta yi bayanin inda ruwan wannan kogi yake fitowa, da yadda yake zuwa yake ɗaukewa, da irin ƙasar da yake ratsawa, sannan ta nuna yadda waɗannan abubuwa suka zaɓar wa Hausawa mazauni da sana'a, da kuma abin da ya faru bayan an datse kogin.

2.0 Inda ruwan yake fitowa

Kogin Nilu, kamar yadda aka sani, haɗuwar manyan rassa biyu ne a Khartum. Farin Nilu yana fitowa daga yankin manyan tafkuna na tsakiyar Afirka, inda ake ruwan sama kusan duk shekara, shi ya sa ba ya cika sosai ba ya kuma ƙafewa. Shuɗin Nilu kuwa daga Tafkin Tana yake fitowa, a kan tsaunukan Habasha, kuma shi ne mai kawo ambaliya. Bayan waɗannan biyu sun haɗu, akwai reshe ɗaya tak da ya rage, wato Atbara, wanda yake faɗawa cikin Nilu a garin da ake kira da sunansa, fiye da kilomita 300 arewa da Khartum. Daga nan har Bahar Rum babu wani kogi da yake ƙara wa Nilu ruwa. Sai dai rana da hamada su yi ta ragewa.

Masana sun ƙiyasta cewa ruwan da yake isa Aswan a Masar a shekara ya kai matsakaicin mita kubik biliyan 84. Daga ciki, Shuɗin Nilu ne yake kawo kusan kashi 59 cikin ɗari, Atbara kuma kimanin kashi 13. Idan aka haɗa da Kogin Sobat, wanda shi ma daga Habasha yake gangarowa ya shiga Farin Nilu, za a ga wajen kashi 85 cikin ɗari na ruwan da Masar take sha ruwan saman Habasha ne. Kashi 13 na iya zama kaɗan a ido, amma ya kamata a lura cewa Atbara yana sauke kusan dukkan wannan ruwa ne a cikin wata uku zuwa huɗu kacal.

Tsawon Atbara ya kai kimanin kilomita 800. Yana farowa ne a arewa maso yammacin Habasha, yamma da birnin Gondar, ba nesa sosai da Tafkin Tana ba, ya shigo Sudan ta kusa da Gallabat, ya miƙe arewa. A kan hanya wani kogi mai suna Angereb, wanda mutanen Sudan ke kira Basalam, yana haɗuwa da shi. Sai dai babban mai ba shi ruwa shi ne Setit. A Habasha sunansa Tekeze. Yana fitowa daga tsaunukan Lasta, ya zagaya duwatsun Simien inda ƙololuwar Ras Dashen take, mai tsayin fiye da mita 4,500, ya haƙa kwazazzabon da zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 2,000. Daga nan ya zama iyaka tsakanin Habasha da Iritiriya, ya wuce Humera, ya shigo Sudan ta Hamdayit, ya haɗu da Atbara kaɗan kudu da Shuwak. Ruwan da Setit yake kawowa mahaɗar ya fi na Atbara yawa, amma sunan ƙaramin ne ya ci gaba. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a labarin ƙasa, domin mutanen da suka fara raɗa wa koguna suna ba awon ruwa suka yi ba.

To, me ya sa ruwan yake zuwa a lokaci ɗaya? Amsar tana ga damina, kuma damina ce da Bahaushe ya sani. Iskar nan mai ɗauke da laima da take tasowa daga kudu maso yamma, wadda take kawo ruwa Kano da Katsina da Maraɗi daga watan Yuni zuwa Satumba, ɗaya ce daga cikin tsarin iskokin da suke kai ruwa tsaunukan Habasha a cikin waɗannan watanni. Habashawa suna kiran wannan lokaci kiremt, Larabawan Sudan kuma su ce kharif. Bambancin shi ne a Habasha iskar tana cin karo da tsaunuka, sai ta hau sama ta yi sanyi ta zubar da ruwa mai yawa a kan gangare mai tsini, ruwan kuma ba ya samun wurin tsayawa. Saboda wannan dangantaka, sau da yawa shekarar da aka yi fari a ƙasar Hausa ita ce Nilu yake gaza cika. A 1913 Nilu ya yi ƙarancin ruwan da ba a taɓa rubuta irinsa ba tun da aka fara awo na zamani, kuma ƙarancin ruwan wannan damina ne ya jawo yunwar da Kanawa suke kira Kakalaba. Haka aka sake gani a farin 1984.

2.1 Kogi mai zuwa da tafiya

Kafin a gina madatsun ruwa, Atbara kogi ne na rabin shekara. Daga wajen watan Janairu zuwa Yuni sai ya tsaya da gudu, musamman a ɓangarensa na arewa, ya koma shimfiɗar farin yashi mai faɗi, da gurabun ruwa masu zurfi nan da can a inda kogin ya yi kwana. A cikin waɗannan gurabu ne kifi da kada da dorina suke cunkushewa su jira damina, a bakinsu kuma makiyaya suke sauka da raƙuma da shanu.

Wani Bature ɗan Ingila mai yawon binciken ƙasa, Samuel Baker, ya ga dawowar kogin da idonsa a 1861. Yana sauke a bakinsa a daren 23 ga Yuni, mutanensa da dama suna kwance a kan yashin tsakiyar kogin saboda zafi, sai aka ji wata ƙara kamar tsawa daga nesa, alhali babu ko ɗigon hadari a sama. Larabawan da ke tare da shi ne suka gane ko mece ce, suka tashi mutane suka haye gaɓa da kayansu. Da gari ya waye, inda jiya ake taka yashi ya zama kogi mai faɗin kusan yadi 500. An yi ruwa ne a Habasha, tafiyar kwanaki daga wurin. Baker ya yi daminar wannan shekara a ƙauyen Sofi a bakin Atbara, a cikin abin da yake jihar Gadarif a yau, yana kallon yadda gaɓa take zaftarewa tana bin ruwa, daga nan ya fahimci inda lakar da take ciyar da gonakin Masar take fitowa.

Lallai ruwan Atbara na damina ya fi kama da kunu fiye da ruwa. Idan aka kwatanta da girmansa, babu reshen Nilu da ya kai shi ɗaukar laka, har wasu suna kiransa Baƙin Nilu. Wannan laka zaizayar duwatsun Habasha ce, irin baƙin dutsen nan da aman wuta ya samar. Tana da amfani ƙwarai ga manomi, tana kuma da illa ƙwarai ga madatsar ruwa, kamar yadda za a gani a gaba.

Akwai wani abu kuma game da siffar kogin da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Kogin Rima a Sakkwato ko Kogin Haɗeja suna gudu ne kusan daidai da ƙasar da ke kewaye da su, shi ya sa idan sun cika sukan malale su yi fadama mai faɗin kilomitoci. Atbara da Setit ba haka suke ba. Sun haƙa kwari mai zurfi a cikin filin laka, ta yadda matafiyi zai iya zuwa dab da kogin bai gan shi ba. Tsakanin filin sama da bakin ruwa akwai wani yanki na kwazazzabai da tuddai da ruwa ya zaizaye, wanda mutanen wurin ke kira karab, ba ya noma sai ɗan kiwo da itace. Ƙasar da ambaliya take shafa ta bar mata sabuwar laka siririya ce, a gindin gaɓa da kan tsibirai. Ita ce ake kira jarf, jam'inta juruf. A kan wannan siririyar ƙasa tarihin Hausawan yankin ya ginu.

2.2 Filin laka

Garin Gadarif yana kan wani tudu na baƙin dutse da ya miƙa kudu maso gabas har zuwa Gallabat, tsayinsa daga teku kimanin mita 600. Wannan tudu shi ne mararrabar ruwa: abin da ya zuba a gabashinsa ya bi Atbara, abin da ya zuba a yammacinsa ya bi Rahad. Ƙoramar da take ratsa garin, wato Khor Abu Farga, yamma take nufa. Shi Rahad ya bambanta da Atbara. Shi ma daga Habasha yake, yamma da Tafkin Tana, shi ma yana ƙafewa da rani, amma yana tafiya ne a hankali yana karkace-karkace a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya wuce Hawata da Mafaza, yana barin tafkuna a bayan gaɓa, har ya shiga Shuɗin Nilu kaɗan arewa da Wad Madani.

Ruwan saman da ake samu a Gadarif ya kai kimanin milimita 600 a shekara, wato kusa da na Katsina. Yana ƙaruwa idan an nufi kudu wajen Doka da Gallabat, yana raguwa idan an nufi arewa wajen makiyayar Butana. Ƙasar kuwa baƙar laka ce mai nauyi, fiye da rabinta yumɓu ne zalla. Wadda ke yankin Jazira, Shuɗin Nilu ne ya kwaso ta ya shimfiɗa tun zamanin da. Ta kewayen Gadarif kuma mafi yawanta ruɓewar baƙin dutsen wurin ne. Da rani takan tsage, tsagar da hannu zai shige har ya wuce gwiwar hannu. Da ruwan farko sai ta kumbura ta rufe, ta zama taɓo mai kama ƙafar mutum da ta dabba da tayar mota. Duk wanda ya san ƙasar firki ta Borno, inda ake dashen masakwa, ya san irinta.

Wannan laka tana ba da dawa da riɗi ba tare da taki ba, amma tana hana ruwan sha. Da zarar ta kumbura ruwa ba ya ratsa ta ya sauka ƙasa, don haka a wurare da dama rijiya ba ta yin ruwa. Abin da mutane suka dogara da shi shi ne hafir, wato babban kududdufi da ake haƙawa a tare ruwan damina, wanda sau da yawa yakan ƙafe kafin sabon ruwa ya sauka. Shi ya sa tun asali filin ya zama na makiyaya masu kai da kawowa, irin su Shukuriyya da Dabaniyya: da damina su yi arewa don guje wa taɓo da ƙudan da ke cizon raƙuma, da rani su sauko bakin kogi. Garin Gadarif ma kasuwa ce tun farko, ana kiranta Suk Abu Sin, da sunan gidan sarautar Shukuriyya. Da garin ya girma, rijiyoyinsa suka gaza, sai da aka jawo masa ruwa da bututu daga Atbara a Shuwak a wajen shekarun 1970, kuma ƙarancin ruwan sha ya ci gaba da zama babban kukan mazaunansa.

3.0 Masu zuwa daga yamma

Mutanen yamma sun daɗe suna bin wannan yanki a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Tun a ƙarni na 18 wasu daga cikinsu suka kafa zama a Gallabat, a kan iyakar Habasha, suka riƙe kasuwarta, suna da shehinsu, suna biyan haraji ga duk wanda ya fi ƙarfi a lokacin, ko sarakunan Habasha ko mahukuntan Sudan. Mafi yawan waɗannan na farko daga Darfur da Wadai suke, amma sunan da aka ba su, wato Takarir, ya game duk wanda ya fito daga yamma. Daga wannan tushe ne Hausa ta samu kalmar Takari, wadda ake kiran mazauna Saudiyya 'yan asalin ƙasar Hausa da ita. Ɗaya sunan da aka fi ji a Sudan shi ne Fallata, wanda asalinsa na Fulani ne amma aka riƙa haɗa Hausawa da Barebari a ciki.

Ban da aikin hajji, akwai wani abin da yake jan jama'ar Daular Usmaniyya zuwa gabas. Tun zamanin masu jihadi ake da imanin cewa a ƙarshen zamani jama'a za su yi hijira zuwa bakin Nilu su sadu da Mahadi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya rubuta wa Modibbo Adama yana umartarsa da ya sa ido ga labarin da zai zo daga wannan fuska. Saboda haka da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya gabas ya nufa da jama'a masu yawa. An kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya ja waɗanda suka tsira suka ci gaba, har suka isa Shuɗin Nilu a wajen 1906. Sun fara sauka a Shaikh Talha, inda dama akwai Fulani, daga baya suka ƙetare kogin suka kafa garin Mayurno, kudu da Sinnar.

Ƙasar da suka tarar kusan kango ce. Yaƙe-yaƙen zamanin Mahadiyya sun cinye gabashin Sudan. A Gallabat ne aka gwabza yaƙin da aka kashe Sarkin Habasha Yohannes na huɗu a watan Maris na 1889, kuma a daidai wannan lokaci aka yi muguwar yunwar da ake kira Sanat Sitta, wato ta shekarar 1306 bayan Hijira, wadda ta ragargaza ƙabilun makiyaya na yankin. Turawan da suka karɓi mulki a 1898 sun tarar da fili babu manoma, don haka suka yi maraba da mutanen yamma. Madatsar Sinnar da aka gama a 1925 ta buɗe gonakin auduga na Jazira masu bukatar hannu, sannan a ƙarshen shekarun 1920 jirgin ƙasa ya haɗa Sinnar da Gadarif da Kassala, ya zarce bakin Bahar Maliya. Hanyar alhazai ta koma kan wannan dogo: daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, zuwa Abeshe da Junaina da Fashir da Ubayyid, sannan Sinnar da Gadarif. Matafiyi yakan tsaya ya yi noma damina ɗaya ko biyu ya tara guzuri. Da yawa damina biyun ta zama ashirin, aka haifi 'ya'ya da jikoki, alhali mutum bai daina kiran kansa mai niyyar hajji ba.

3.1 Zaman jarf

Baƙo ba ya zaɓen inda masu gida suke zaune. Filin sama yana da masu shi, kowace ƙabila da ƙasarta da nazirinta, kuma ko an ba mutum gona a can sai ya samu ruwan da zai sha da rani. Bakin kogi kuwa makiyaya mashaya kawai suka ɗauke shi. Kurmi ne mai sauro da namun daji, ba su ɗauki nomansa sana'a ba. Shi kuwa mutumin Kabi ko Sakkwato ko Haɗeja, da ya ga ruwa ya janye ya bar danshi da sabuwar laka, ya san abin da ake yi da ita. Daga Mayurno da sauran garuruwan Shuɗin Nilu, da kuma daga sababbin ayarin da suke ta isowa, Hausawa suka riƙa kafa ƙauyuka a bakin Dindir da Rahad, da bakin Atbara da Setit har zuwa Wad al-Hilew.

Shekarar manomin jarf kashi biyu ce. Da damina yana noman dawa da riɗi a filin sama kamar kowa. Daga watan Oktoba, da kogi ya fara ja da baya, sai ya riƙa bin ruwan yana shuka a kan danshi mataki-mataki: masara da wake a sama, sai kuɓewa da kabewa da tumatir da albasa, kankana kuma a kan yashin da ya fi kusa da ruwa. Ba ya bukatar taki, domin kogi ya zuba masa sabo, ba ya kuma bukatar ban ruwa sosai sai can ƙarshen rani. Inda gaɓa ta ɗan yi faɗi aka dasa mangwaro da lemo da gwaiba. Da rani ya tsananta kuma, kifin da ya taru a gurabu, tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, ya zama abin kamawa a busar a kai kasuwa. Har yau Hausawa suna cikin waɗanda aka fi sani da sana'ar su da noman lambu a Sudan.

Ɗalibin harshe zai lura cewa wannan zama ya bar alama a bakin mutane. Kalmomin da suka shafi ƙasa da awo da hukuma, irin su jarf da hafir da faddan, na Larabcin Sudan ne, kuma da su ake magana ko a cikin Hausa, domin da su ake ciniki da shari'a. Faddan ɗaya ya ɗara eka ɗaya da kaɗan. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi cikakken nazari a kan yadda Hausar Sudan take karɓar Larabci, a littafinsa na 1999.

Sai dai bakin kogi yana da nasa farashin. Ƙauyukan da ke kan Atbara da Rahad suna cikin wuraren da cutar kala-azar ta fi tsanani a duniya. Zazzaɓi ne mai daɗewa, yana kumbura saifa, yana ramar da mutum, kuma idan ba a yi magani ba yawanci kisa yake yi, musamman ga yara. Wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro girma ba shi yake yaɗa ta, kuma yana samun mafaka ne a tsagar baƙar laka da cikin kurmin aduwa da wata ƙaya mai jan jiki da ake kira talha, ya fi kuma yawa a ƙarshen rani. Wato ƙasar da take ba da abinci ita ce take ɓoye mai kawo cutar.

Farashi na biyu na doka ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki wanda kakanninsa suke zaune a Sudan tun ƙarshen 1897 a matsayin ɗan ƙasa na asali, abin da ya bar jama'ar Mai Wurno da duk waɗanda suka biyo bayansu a waje. An sassauta wannan sharaɗi daga baya, amma ya yi aiki a daidai lokacin da ake rabon filin sama. Noman tarakta, wanda aka fara a Gadambaliya kusa da Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, ya bunƙasa bayan kafa hukumar noman injina a 1968, aka riƙa yanka gonaki masu faddan 1,000 zuwa 1,500 ana bai wa 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan, amma mafi yawan mutanen bakin kogi a matsayin 'yan ƙwadago suka shiga waɗannan gonaki, wajen cire ciyawa da yankan riɗi. Batun wane ne yake da ƙasa bai mutu ba: shi ne tushen rikicin da ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu a watannin Yuli da Oktoba na 2022, inda ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu, aka kuma yi zanga-zanga har a Gadarif da Kassala.

4.0 Bayan an datse kogin

Yarjejeniyar 1959 tsakanin Masar da Sudan ta bai wa Masar mita kubik biliyan 55.5 na ruwan Nilu, Sudan kuma biliyan 18.5, ba tare da an tuntuɓi Habasha ba. Ita ce ta buɗe ƙofar gina babbar madatsar Aswan, wadda tafkinta ya cinye Wadi Halfa. Domin a sama wa Nubiyawan da aka tasa matsuguni, aka datse Atbara a Khashmul Girba a 1964, arewa da Shuwak, aka kafa gonakin Sabuwar Halfa. An gina tafkin ne don ya riƙe mita kubik biliyan 1.3, amma kogin bai daina kawo lakarsa ba. Cikin shekaru kaɗan ta fara cike shi, har ya rasa fiye da rabin abin da yake ɗauka. Dabarar da aka koma yi ita ce a buɗe ƙofofin madatsar gaba ɗaya a tsakiyar damina don ruwa ya wanke lakar, kuma a duk lokacin da aka yi haka kifi mai yawa yakan shaƙe ya mutu, mutane su yi ta kwasa. A ɓangaren yamma kuma an datse Rahad a Abu Rakham a ƙarshen shekarun 1970, aka buɗe gonakin ban ruwa na faddan 300,000 masu hedikwata a Fau. Tun da Rahad ba ya gudu da rani, sai da aka haƙa magudana ana tura masa ruwa da famfo daga Shuɗin Nilu.

A 2009 Habasha ta kammala madatsar wutar lantarki a kan Tekeze, mai tsayin mita 188. Tun daga lokacin Setit ya canza hali, domin injinan wuta suna sakin ruwa duk shekara: ambaliya ta ragu, ruwan rani ya ƙaru. Ga mai famfo wannan alheri ne. Ga manomin jarf kuwa, gaɓar da ruwa ba ya hawa ba ta samun sabuwar laka, yashin da ruwa ba ya sauka daga kansa kuma ba ya shukuwa. Manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato sun ga irin wannan bayan 1978.

Babban sauyin ya zo ne da tagwayen madatsun da Sudan ta fara ginawa a 2011 dab da mahaɗar kogunan biyu, Rumaila a kan Atbara da Burdana a kan Setit. Tafki ɗaya suka haɗu suka yi, wanda ya ninka na Khashmul Girba aƙalla sau biyu, aka kuma fara samun wuta daga gare su a 2017, ƙarfinta megawat 320. Tun da kwari ne mai zurfi, abin da ruwan ya fara haɗiyewa shi ne jarf da lambuna da ƙauyukan da ke gindin gaɓa, har da tsohon garin Wad al-Hilew. An kwashe dubban iyalai, Hausawa da Larabawa da sauran ƙabilu, aka hau da su filin sama, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka da ake kira da lamba maimakon suna. Wasu sun koma su a cikin tafkin, wasu sun shiga noman damina kaɗai, a kan lakar nan da ba ta yin rijiya.

Ƙasar da ke tsakanin Setit da Atbara da Basalam ita ce Fashaga, wadda Sudan da Habasha suke jayayya a kanta tun bayan yarjejeniyar iyaka ta 1902 da shatar da Manjo Gwynn ya yi a 1903. Da yaƙi ya ɓarke a Tigray a watan Nuwamba na 2020, dubban mutane suka ƙetare Setit a Hamdayit da kwalekwale, wasu kuma suka shigo ta kudu aka sauke su a gidajen Ƙauye na 8, ɗaya daga cikin waɗanda aka gina wa mutanen da tafkin ya tasa, kafin a wuce da su sansanonin Um Rakuba da Tunaidba. A watan Disamba na wannan shekara sojojin Sudan suka shiga Fashaga suka karɓe mafi yawan gonakin da manoman Habasha suke nomawa. Shekara uku bayan haka, da Wad Madani ta faɗi a yaƙin basasar Sudan a watan Disamba na 2023, dubun-dubatar mutanen Jazira suka ƙetare Rahad suka cika makarantu da unguwannin Gadarif, suka shiga layin ruwan da ake turowa daga Atbara.